Bokitin Veronica: abin dubawa kafin a saya wa masallaci, makaranta ko shago a Kumasi

Duk wanda ya ratsa Aboabo, Asawase ko Sabon Zango a watannin farko na korona ya san wannan bokiti. Ga shi a ƙofar masallaci, ga shi a gaban kemis, ga shi a gefen teburin mai waakye, wato shinkafa da wake: an ɗora shi a kan ƙafar katako ko ta ƙarfe, da kan famfo a gindinsa, da baho a ƙasa yana tarar ruwan wanke hannu. Yau da yawansu sun koma bayan ɗaki, wasu an toshe ramin famfon ana jiƙa wanki a ciki. Amma har gobe ana sayar da shi a Kejetia da Alabar da Adum, kuma da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin kwalara ko wata annoba, kwamitocin masallatai da masu makarantu sukan sake fita nemansa. Domin su aka yi wannan sharhi.

Hukuncinmu a kansa shi ne: dabara ce mai kyau ƙwarai, mai araha, wadda ta dace da unguwar da ruwan famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe. Sai dai abin da ɗan kasuwa zai miƙo maka rabin kaya ne. Bokitin da kansa ba kasafai yake ba da matsala ba. Kan famfon, da ramin da aka huda masa, da bahon da ke ƙasa, da wanda zai riƙa cika shi, su ne ke sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu ko a yi asara.

Sunan ya samo asali ne daga Veronica Bekoe, masaniyar kimiyyar halittu 'yar Ghana da ta yi aiki shekaru da dama a ɗakunan gwaje-gwajen lafiya na gwamnati. A shekarun 1990 ta lura cewa a asibitocin da ba ruwan famfo, ma'aikata kan wanke hannu a baho ɗaya, kowa ya tsoma nasa, har ruwan wankin ya zama shi ne mai raba cutar. Sai ta sa aka ɗaura kan famfo a jikin mazubi domin ruwan ya riƙa zuba a kan hannu ya wuce. Na farkon ma irin tukunyar alminiyon nan ce da masu koko ke amfani da ita. Hikimar ke nan gaba ɗaya: ruwan da ya taɓa hannun wani kada ya koma kan hannun wani. Duk bokitin da ya kasa cika wannan sharaɗi, sunan kawai ya ara.

A ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko da suka kamu da korona a Ghana. Kwana uku bayan haka shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya hana taruka, har da jam'in salla da zaman coci, aka rufe makarantu. Ranar 30 ga Maris dokar kulle ta hau kan Accra da Kumasi da kewayensu, ta yi mako uku. Gwaji a wancan lokaci cibiyoyi biyu ne suka ɗauki nauyinsa, Noguchi da ke Legon da KCCR da ke harabar jami'ar KNUST a nan Kumasi. Rigakafi kuwa bai sauka ba sai 24 ga Fabrairu 2021, allurai 600,000 na AstraZeneca ta hanyar COVAX, shirin duniya na raba wa ƙasashe rigakafin korona. Kusan shekara guda ke nan talaka ba shi da abin kare kansa sai takunkumi da tazara da wannan bokiti. Shi ya sa aka yi ta rububinsa, farashi ya tashi, kowane mai bokiti da ƙusa ya zama maƙerinsa. Yawancin lalatattun da aka gani daga baya 'ya'yan wannan gaggawa ne.

Mu fara da famfon, tunda nan ne ciwon yake. Iri huɗu za ka fi samu. Akwai na roba mai ɗan hannu da ake juyawa kwata guda, wanda shi ne ke zuwa da yawancin bokitan. Akwai na dannawa, irin na kular ruwan sanyi. Akwai na tagulla mai murɗawa, irin na bangon gida. Sai kuma na ƙarfe mai dogon hannu, wanda masu gyaran famfo ke sa wa a bakin tanki.

Na robar yana da sauƙin kuɗi da sauƙin nauyi, kuma bai damu da kulorin ba, amma wuyansa siriri ne. A gida ko ƙaramin shago zai yi watanni. A makarantar da yara ɗari biyu ke murɗa shi kullum, wasu har su rataya a jikinsa, makonni kaɗan ne wuyan zai tsage daidai inda haƙoran murɗin suka fara. Na dannawa shi ne mafi muni ga wannan aiki, domin dole hannu ɗaya ya riƙe shi, ga shi kuwa wanke hannu hannu biyu yake so su goga juna a ƙarƙashin ruwa. Kada a saye shi ko da kyauta aka haɗa. Na tagulla yana da ƙarko, kuma shi ne mutane ke ɗauka ya fi, amma an ƙera shi ne don ruwa mai ƙarfi da ke zuwa daga bututu. Ruwan bokiti ba shi da wannan ƙarfi, don haka wani lokaci robar cikinsa kan manne, ka murɗa har sau uku ruwa na ɗiga kawai. Ga nauyi da ke jan bangon bokitin ƙasa har ramin ya buɗe. Ga kuma babban aibinsa: sai ka kama shi da yatsu biyar ka murɗa, kafin wanki da bayan wanki.

Wannan aibi na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum ya zo da hannu mai datti ya buɗe famfo, ya wanke tas, sannan ya mayar da hannun nan mai tsabta kan wurin da shi da mutum hamsin kafinsa suka taɓa da datti. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Maganin wannan shi ne famfo mai dogon hannu, wanda ake turawa da gwiwar hannu ko bayan hannu, juyi kwata guda ya buɗe, kwata guda ya rufe. Shi muke ba da shawara a saya, mai rabin inci, ko da kuɗinsa ya kai na bokitin. In hannun gajere ne, a zura masa guntun bututun roba mai tsawon santimita 15 ya ƙara tsawo. Inda ba a samu ba, to a koya wa mutane su shafa wa kan famfon kumfar sabulu lokacin da suke goga hannu, su watsa masa ruwa kafin su rufe.

Bayan famfo sai rami. Famfo mai rabin inci yana son rami mai faɗin kusan milimita 21 zuwa 22, zagayayye, mai santsin baki, wanda aka huda da injin huda. Masu gaggawa kan ƙona ƙarfe a wuta su soka. Irin wannan rami bakinsa kan yi tudu da kwari, robar da ta narke ta taru a gefe guda, wosha ba za ta taɓa kwanciya daidai a kansa ba. Kafin ka biya, buɗe murfi ka leƙa ciki. Ya kamata ka ga woshar roba a ciki, da wata a waje, da noti da ya matse su. In wosha ɗaya ce, ko an cusa leda ko an shafe wurin da gam, ajiye shi ka ɗauki wani. Bangon bokiti a lanƙwashe yake, noti kuma a miƙe, shi ya sa woshar ke bukatar kauri da taushi don ta cike giɓin. Tsohon tiyub na babur in an yanka shi da kyau yana yin wannan aiki fiye da siraran woshar da ke zuwa da famfon. A naɗa farin tef na masu gyaran famfo sau biyar ko shida a kan haƙoran, a ɗaure da hannu, a ƙara kwata guda da sifana, a tsaya nan. Wuce gona da iri wajen ɗauri shi ke jawo tsagar da ba a gani sai bayan mako biyu.

Gwajin da ya fi kowane sauƙi: a cika shi da ruwa a gaban mai sayarwa, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin famfon, a ba shi minti goma. Ɗigon da ake rainawa, in yana sauka sau ɗaya kowace daƙiƙa, yakan kwashe lita da yawa kafin gari ya waye, ya bar taɓo a ƙofar masallaci inda tsofaffi ke takawa da asuba.

Ramin ya kasance sama da gindin bokitin da kamar santimita 3 zuwa 5. Wannan tazara tana barin laka ta kwanta ba ta toshe famfon ba, wanda ke da amfani ga masu ɗibar ruwan rijiya. Amma ka sani cewa a babban bokiti ruwan da ke maƙale a ƙasan nan ya kai lita uku ko huɗu, kuma ba ya fita ta famfo har abada. In kullum ƙari ake yi a kansa ba a juyewa, nan ne santsi da wari ke farawa.

Jikin bokitin ba ya bukatar dogon bayani. Juya gindinsa ka duba alamar nan mai kusurwa uku: lamba 2 ko 5 roba ce mai jure aiki. Matsa bangon da babban yatsa, in ya lotsa kamar leda, ba zai riƙe famfon ƙarfe ba. A guji fari mai shara-shara da ake hango ruwa ta jikinsa, domin hasken rana na shiga, gansakuka ta yi kore a ciki cikin 'yan kwanaki. Mai kauri, shuɗi ko ja ko kore, ya fi. Murfi ya zauna daram, amma kada ya toshe iska gaba ɗaya, in ba haka ba ruwa zai riƙa fita da ƙyar yana shaƙewa. Ɗan rami kamar na ƙusa a murfin ya isa. Tsofaffin durom na sinadarai da ake sayarwa da araha, ba a san abin da suka ɗauka ba, a bar su.

Girma kuma lissafi ne, kuma nan ne kwamitoci suka fi yin kuskure. Wanke hannu yadda ya kamata, daga jiƙawa zuwa ɗauraya, yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60, da aƙalla 20 a cikinsu ana goga sabulu. In an rufe famfo lokacin gugar, rabin lita ya wadatar. In an bar shi yana zuba, cikakken bokiti kan zubar da lita biyu, uku, ko fiye a kan mutum ɗaya. Kana iya auna naka: tara kwalbar ruwa mai lita ɗaya da rabi a bakin famfon ka duba agogo. To a ɗauki rabin litar. Mutum 100 lita 50 ke nan, wato jarka biyu masu lita 25, irin waɗanda ake kira galan Kufuor. Makaranta mai yara 200 da ke wanke hannu sau biyu a rana tana bukatar lita 200, galan takwas, kullum. Wanda ya sayi bokiti mai lita 20 ya ajiye wa irin wannan makaranta, kafin a fita tara ya ƙafe.

Akwai lissafi na biyu da kusan ba wanda ke yi, na lokaci. Da aka sake buɗe masallatai ranar Juma'a 5 ga Yuni 2020, an ƙayyade kada a wuce mutum 100, kada kuma a wuce awa guda. Mutum 100, kowa daƙiƙa 40, a kan famfo ɗaya, ya haura awa guda ana layi. Ba wanda zai tsaya ladan na tayar da iƙama. Abin da ke faruwa shi ne mutane su cunkushe a kan bokitin kafaɗa da kafaɗa, kowa ya jiƙa yatsu ya wuce, wasu su tsallake. Ga cutar da ke bin numfashi kuwa, wannan cunkoso ya fi rashin wanke hannun haɗari. Saboda haka ga masallacin Juma'a ƙananan bokitai huɗu da aka rarraba a ƙofofi sun fi ƙato guda ɗaya. Famfo huɗu na sallamar mutum ɗari cikin kusan minti 17. Kuma kada a manta da ɓangaren mata, wanda sau da yawa shi ake bari ba ko ɗaya.

Ƙafar da ake ɗora shi tana ɗauke da nauyin da mutane ba sa zato. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka bokiti mai lita 50 kamar buhun siminti ne a tsaye a sama da kan yaro. Ƙafafun su buɗe ta ƙasa fiye da ta sama, kuma a yi wa saman baki ko zobe da zai hana bokitin zamewa. Ta katako in ta itacen nan mai laushi ce da ake kira wawa, wanda kafintoci ke so don arha da sauƙin aiki, ruwa na cinye ƙafafunta cikin damina ɗaya sai an yi mata fenti an ɗora ta a kan bulo. A Sokoban za a iya samun katako mai ƙarfi in an nema. Ta ƙarfe, irin wadda masu walda na Suame Magazine ke haɗawa, ta fi ƙarko, amma a tabbata an shafa mata jan fentin hana tsatsa kafin na ado, musamman ƙafafu da wuraren walda. Bakin famfo ya kai kamar santimita 90 zuwa 100 daga ƙasa ga manya, 60 zuwa 70 ga 'yan makarantar allo da na firamare. Tsakanin famfo da baho a bar kamar taƙi guda na hannu. In ya yi nisa ruwa na fantsama a riga, in ya yi kusa hannu na taɓa ruwan datti.

Bahon nan shi ne abin da masu ƙera bokitin suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma yana ba mu takaici. Za ka ga bokiti mai lita 50 an haɗa shi da baho mai lita 10 ko 12. Ma'ana sai an zubar sau huɗu ko biyar kafin bokiti ɗaya ya ƙare. Ba a zubarwa. Ya cika ya tumbatsa, yara su yi wasa da shi, akuya ta sha, kuma idan ruwan bokitin ya ƙare wani ya tsoma hannu a na bahon, an dawo daidai inda Veronica Bekoe ta tarar da ma'aikatan asibiti. Gyaran ba shi da tsada. A huda gindin bahon, a sa masa irin magudanar sinki da tiyo, a kai tiyon cikin galan mai baki ƙarami ko kai tsaye cikin kwata. Inda akwai fili, a haƙa rami kamar santimita 60 faɗi da zurfi, a cika da tsakuwa da fasassun bulo. Amma a gidajen da ke kwari kusa da rafin Aboabo, inda ƙasa ke jiƙe sharkaf tun daga Afrilu, irin wannan rami ba ya shan ruwa. Galan ya fi. Ruwan da ya kwana mako guda a buɗe kuma gidan sauro ne, domin daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne kawai.

Sabulu kowane iri yana aiki. Ba sai mai tambarin kashe ƙwayoyin cuta ba: Key soap, sabulun salo da ake kira alata samina, ko na ruwa, duk ɗaya ne, domin kumfa da guga da ɗauraya ne ke ɗebe dattin, kuma ƙwayar korona tana da rigar maiƙo da sabulu ke wargazawa. Matsalar sabulun sanda a waje ita ce ɓata da narkewa. A huda shi a rataye da igiya, ko a sa shi cikin ragar soso a ɗaure a jikin ƙafar. Hanya mafi arha ga makaranta ita ce ruwan sabulu: giram 30 na garin omo a kwalba mai lita ɗaya da rabi, a girgiza, a huda murfin da ƙusa. Abin da ba a yi shi ne zuba sabulun cikin bokitin kansa, don an rasa ruwan ɗauraya ke nan. Tawul ɗaya da kowa ke goge hannu da shi a ɗauke shi. A yarfe hannu iska ta busar, ko a sa takardar goge hannu da kwandon shara.

Ruwan kuma ba dole sai na sha ba. Na rijiya ko na sama, matuƙar garau yake, ya isa a wanke hannu da sabulu. Wannan ya kamata a sani, domin ko a watannin da gwamnati ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa daga Afrilu 2020, gidan da ba shi da famfo sai ya ɗebo ko ya saya.

Batun kulorin yana bukatar taka-tsantsan. An ga wuraren da ake tsiyaya parazon, wato ruwan bilic mai kulorin, cikin bokiti da ido, har hannu ya riƙa ƙaiƙayi yana tsagewa, musamman da hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya sabulu da ruwa ko sanitaiza ta fifita. Ruwan kulorin na hannu sai inda babu su, ko inda jami'an lafiya suka umarta lokacin kwalara. Ƙarfinsa kashi 0.05 cikin ɗari ne. Duba kwalbar: in an rubuta kashi 5, mililita 200 a lita 20 na ruwa, in kashi 3.5 ne, kusan mililita 285. Mai gari, irin na kashi 65 zuwa 70, babban cokali ɗaya a lita 20. Kullum a haɗa sabo, domin zafi da rana na kashe ƙarfinsa, kuma a san cewa yana cin famfon ƙarfe da na tagulla. Kada a haɗa shi da maganin wanke masai, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Don goge kan famfo da murfi ana so ya ninka haka ƙarfi, kashi 0.1: babban cokali biyu na mai kashi 3.5 a lita ɗaya.

Ga masallaci akwai ƙarin magana. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya da wani abu kamar sabulu ba a alwala da shi. Don haka bokitin da aka sa wa magani mai ƙarfi a rubuta a jikinsa, a ware shi daga wurin alwala, liman ya sanar. Mutane da dama in sun ga famfo a ƙofar masallaci buta suke tarawa, wanda ke ƙarar da ruwan cikin minti kaɗan, tunda alwala ta fi wanke hannu cin ruwa.

Mai fedar ƙafa fa? A takarda shi ne ya fi duka, tunda hannu ba ya taɓa komai, kuma ruwa na tsayawa da an ɗaga ƙafa. A aikace ya danganta da wanda ya haɗa shi. Mai sandar ƙarfe daga feda zuwa famfo yana daɗewa. Mai wayar birkin keke da sifirin, waya na saki, sifirin na tsatsa, yara kuma na tsalle a kan fedar. In ya lalace ba kowa ke iya gyarawa ba, sai ya zauna cike da ruwa ba mai iya buɗewa. Asibiti, banki ko babbar makaranta da ke da mai gyara a kusa su saya. Ƙaramin masallacin unguwa, famfo mai dogon hannu ya fi masa kwanciyar hankali. Haka ma masu na'urar gane hannu da batir ko hasken rana, irin wanda wasu matasa suka ƙera a Kumasi lokacin kulle: abin alfahari ne, amma kuɗin guda ɗaya zai sayi bokitai masu yawa.

Dole a faɗi iyakarsa, don kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Korona ta fi yaɗuwa ta iskar da ake shaƙa a ɗaki mai cunkoso. Bokiti a ƙofa ba ya maye gurbin buɗe tagogi, ko takunkumi, ko zuwa gwaji in an ji zazzaɓi da tari, ko allurar rigakafi. Inda ya fi nuna ƙarfinsa shi ne cututtukan da ke bin hannu zuwa baki da ido: kwalara, taifot, gudawar yara, da ciwon idon nan na Afolo, wanda a Ghana aka fara gano shi a 1969. Wanke hannu da sabulu na rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Waɗannan ba su tafi ba da aka daina maganar korona a 2023, shi ya sa muke ganin kuskure ne da aka kwashe bokitan. Hajiya mai tuwo da mai koko da ƙosai sun fi kowa bukatarsa, domin abokan cinikinsu da hannu suke ci, kuma kwanon ruwa ɗaya da ake zagayawa da shi a kan benci shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro bokitin don a kawar. Gare su mai lita 20 zuwa 30 ya isa, a cika shi sau biyu.

Kulawarsa ba ta da yawa, amma sai an ɗora ta a wuyan mutum ɗaya da aka sani da suna, ladan ne, ko wani ɗalibi babba, ko yaron shago, kuma a ware kuɗin ruwa da sabulu a wata kamar yadda ake ware na wuta. Kayan kowa ba na kowa ba ne. Da safe ya cika, ya duba sabulu, ya goge kan famfo. Da yamma ya zubar da na ƙasa. Sau ɗaya a mako ya juye bokitin gaba ɗaya, ya wanke cikinsa da soso da sabulu, ya ɗauraye, ya bar shi ya sha iska. A ajiye shi a inuwa, don rana na gasa roba har ta yi fari ta riƙa karyewa kamar ƙwarya. A sayi famfo na biyu da wosha huɗu tun ranar farko a sa a aljihun tebur, domin yawancin bokitan da suka mutu, abin da bai kai kuɗin kwanon waakye ba ne ya kashe su.

In za a ajiye shi na wani lokaci, kamar hutun makaranta, a kwance famfon, a busar da komai, a sa famfo da noti da wosha a leda a jefa cikin bokitin, a rufe, a kife bahon a kansa. Woshar da aka bari a matse cikin zafi wata uku takan bushe ta tsage, ranar da aka sake bukatarta sai a tarar tana yoyo.